Kwamfutar da Ke Kwana a Kano

Duk wanda na ba wa labarin yadda digirina na biyu ya suɓuce mini, kafin in kai ƙarshe sai ya girgiza kai ya ce, "Ai matsalar wuta ce, ƙasar nan sai addu'a." Wannan magana tana ƙona mini rai, domin wanke mai laifi take yi. Ba wuta ba ce. Kwamfutar da na yi aiki da ita ba ta taɓa rasa wuta ba ko sau ɗaya. Wata ƙungiyar agaji ce ta kawo ta ofishinmu a Dutse, ta haɗo da faifan sola da aka kafa a kan rufi, da manyan batura a ƙarƙashin tebur. Rana kuwa a Jigawa ba a roƙonta. Mutum ne ya hana ni, kuma mutum mai ilimi.

Malamin fiziks ne ni a makarantar sakandare. An ɗauko ni aro zuwa wani ofishin ayyukan karkara saboda an ji na iya taɓa kwamfuta, abin da a lokacin ake yi wa kallon wata baiwa. Jihar ba ta daɗe da samuwa ba. Ofisoshi da yawa a gidajen haya suke, manyan ma'aikata kuma jikinsu ne kawai ya tare a Dutse, iyalinsu da hankalinsu duk suna Kano. Mako yakan fara ne ranar Litinin da azahar, ya ƙare ranar Alhamis bayan la'asar, sai ka ga motoci sun jeru sun nufi yamma. Ni da na kama ɗaki biyu a unguwar Takur na kawo matata, har tsokanata ake yi, wai na zama ɗan gari da ƙarfi da yaji.

Ina aikin, ina karatu a jami'a ta hanyar zuwa lokaci-lokaci. Malamin da ke duba aikina dattijo ne da ya kusa ajiye aiki, ba ya son surutu, ba ya kuma son aikin ganin ido. Shi ya miƙa mini wani ɗan faifan kwamfuta wanda bai kai tafin hannu ba, ya ce, "Duk binciken naka yana cikin nan. Kwamfuta kawai za ka nema ka ba ta lokaci."

Ga abin da ke cikin faifan. Ayon ƙwayar zarra ce da aka fizge wa wani ɗan ɓangare, sai ta ɗauki caji, har a iya tunkuɗa ta da gudu. Masu ƙera faifan sola suna harba irin waɗannan ƙwayoyi cikin silikon, sinadarin da ake yin faifan da shi, su nutse su tsaya a wani zurfi, kuma wannan zurfin yana cikin abin da ke sa faifai ya iya mai da hasken rana wuta. Injin harbin ba mu da shi, a duk waɗanda na sani ma malamina kaɗai ya taɓa ganinsa. Abin da muke da shi manhaja ce mai kwaikwayon aikin. Kwamfuta za ta saki ayon ɗaya, ta lissafa yadda zai ci karo da wata zarra a cikin silikon, ya kauce, ƙarfinsa ya ragu, ya sake cin karo da wata, har ya gaji ya tsaya. Inda zai yi karo na gaba kuwa da ƙuri'a take zaɓa. Kamar mutum ne ya shiga kasuwar Shuwarin a guje, ba ka san kafaɗar wa zai fara buga ba, amma in ka saki mutane da yawa za ka gane inda akasarinsu ke tsayawa.

A kan gilashin kwamfutar, hanyar kowane ayon jan layi ce, zarrar da ya ture kuma kore. Bayan ɗan lokaci sai zanen ya zama kamar saiwar bishiya da aka tumɓuke, ja da kore sun cakuɗe. Ina son kallonsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma abin da bincikena ke nema shi ne 'yan ƙalilan ɗin da kan zarce 'yan uwansu su nutse can ciki, waɗanda sai an saki dubbai kafin ɗaya ya fito. Kwamfutar tsohuwar yayi ce, mai nawa. Lissafina ya nuna mini sai ta yi wajen mako guda tana aiki ba tsayawa.

Manhajar tana da hali biyu marasa daɗi. Na farko, ba ta ajiye sakamako sai ta gama. In aka kashe ta a tsakiya, komai ya tafi. Na biyu, in ka sake kunna ta, ƙuri'arta daga wuri ɗaya take farawa kullum, hanyar da ayon na farko ya bi jiya ita zai bi yau. Don haka ba dama in yi aikin gutsure-gutsure in haɗa, abu ɗaya zan yi ta maimaitawa. Na nemi yadda zan canja wannan, ban samu ba, malamina ma ya ce yadda aka ba shi ke nan. Mako guda cur nake bukata, shi ke nan.

To, ga Daraktanmu. Dogon mutum ne mai fara'a a bainar jama'a, ya karanci ilimin ƙasa da ruwan da ke ƙarƙashinta, don haka ba za a ce bai san abin da nake yi ba. Shi ya sa hannu aka karɓi kwamfutar, kuma a ganinsa wannan sa hannun ya mai da ita kamar agogon hannunsa. Duk ranar Alhamis direba da masinja za su shigo, a zare wayoyi, a naɗe akwatin da gilashin cikin bargo, a kwantar da su a kujerar baya. Kwamfutar gwamnati ta tafi hutun ƙarshen mako Kano ke nan. Hujjarsa ɓarayi. Ofishin kuwa yana da maigadi da ƙofar ƙarfe, ga janareta da babura a tsakar gida ba wanda ya taɓa su. Direban ne ya faɗa mini gaskiya, yana dariya, wai yaran Yallaɓai sun gano wasan kati a cikinta. Ranar Litinin nakan tarar da madannan sun yi danƙo da alewa.

Na same shi cikin ladabi na yi bayani. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, har ya yi mini tambaya mai ma'ana a kan silikon, wadda ta tabbatar mini ya fahimta sarai.

"Aiki ne mai kyau, Malam," in ji shi. "Allah ya taimaka."

"Ranka ya daɗe, sau ɗaya kawai. A bar ta ta kwana nan mako ɗaya. Ni zan riƙa kwana a bakin ƙofar in ana so."

"In ta ɓata, kai za a tambaya ko ni?"

"A tambaye ni, ranka ya daɗe."

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro. "Ai ba a san ka ba, Malam. Ka yi haƙuri, za mu duba."

Wannan "za mu duba" na ji ta har na haddace sautinta. Ko a cikin 'yan kwanakin da kwamfutar take Dutse ma ban tsira ba. Wata rana na je salla na dawo na tarar da gilashin baƙi ƙirin. Ashe Darakta ne ya leƙo ya ga ba kowa a kujera, sai ya kashe ta da hannunsa. "Ya za a bar kayan gwamnati yana ta ci ba kowa a gabansa?" A wajensa aiki shi ne a ga mutum yana danna abu. Daga ranar na koma zama a gabanta ina shawagi da yatsu a saman madannai ba tare da na taɓa ba, don in na danna aikin tsayawa zai yi. Babban mutum da ni, da gemu, ina kwaikwayon buga rubutu don kada a kashe mini lissafi.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. 'Yan ajinmu suka gama suka watse. Na nemi kwamfuta a wasu wurare, amma wa zai ba ka tasa mako guda ka hana shi taɓawa? Ta jami'a layi ake bi, sa'o'i kaɗan ake ba kowa. Aka ƙara mini wa'adi, aka sake ƙarawa, sannan malamina ya ce mini wannan ne na ƙarshe. In ban kawo sakamako kafin ƙarshen zangon ba, za a cire sunana, shi kuma zai ajiye aiki, babu mai tsaya mini.

A lokacin farar hula sun dawo mulki, maganar shari'a ta cika gari. Daraktanmu ne ya fara sa aka yi wa wurin sallar ofis rufin kwano, kuma na ji daɗin hakan, don da a rana muke yi. Shi ne kuma kan miƙe bayan azahar ya yi mana nasiha a kan amana, cewa dukiyar jama'a ba ta mutum ɗaya ba ce, ranar gobe za a tambayi kowa. Nakan sunkuyar da kai ina saurare. Maganar gaskiya ce, ba ni da ja. Abin da ke tafasa mini zuciya shi ne, ranar Alhamis bargon nan zai fito kamar yadda ya saba.

Sai Allah ya kawo wata dama. Aka kira shi wani taron bita a Kaduna, ya tafi a motar wani, kuma cikin gaggawa bai bar umarni a kan kwamfuta ba. Tun kafin ƙurar motarsu ta kwanta na zura faifan na kunna. Alhamis ta zo, ba wanda ya shigo da bargo. Ofis ya watse, Dutse ta yi tsit kamar yadda takan yi, ni kuwa kullum da safe sai in tako daga Takur in roƙi maigadi ya buɗe mini. In tsaya in kalli adadin da ke ƙasan gilashin yana hawa. A karo na farko na ga 'yan zurfin nan nawa sun fara fitowa, ɗaya nan, ɗaya can, sun zarce taron sun tsaya su kaɗai. Matata ta ce ta manta rabon da ta ga ina cin tuwo har in nemi ƙari.

Ranar Litinin da safe na duba, na ga saura kaɗan. In aka bar ta, kafin magariba ta gama.

Da hantsi Darakta ya faɗo ofis kamar an koro shi. Wani babba daga sabuwar gwamnati zai zo duba ayyuka bayan azahar. Nan da nan aka kafa rumfa a tsakar gida, aka jera kujeru, aka aika sayen lemo. Ina zaune a ɗan ɗakina, wanda asalinsa sito ne, sai ga shi ya shigo. Ya tsaya a bayana ya ƙura wa gilashin ido. Saiwar nan ta cika ta batse, ja da kore, abin sha'awa.

"Madalla," in ji shi. "Wannan za mu nuna. A kai ta rumfa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka zare wayar nan komai ya tafi. Saura sa'o'i kaɗan. A shigo da baƙon nan ciki ya gani."

"Cikin sito? Babban mutum?"

"To a nuna masa wani abin. Ga famfunan da aka kawo, ga babura. Don Allah, don Annabi, a bar ta zuwa magariba. Karatuna gaba ɗaya ne a nan."

Na tashi tsaye, sannan na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa wani ba in ba mahaifina ba. Bai ko kalle ni ba. Ya ce ai zanen yana dawowa in an sake kunnawa, ya sha gani. Ya sunkuya, da babbar rigarsa da ƙamshin turarensa, ya kama wayar ya zare da kansa. Gilashin ya yi ɗan ƙara ya mutu.

Ba a bar ni ko in zauna da baƙin cikina ba. Ni aka sa na bi masu ɗauka, na ja waya mai tsawo daga batura zuwa rumfa, na sake kunnawa daga ayon na farko, wanda na san hanyarsa kamar hanyar gidanmu. Kafin baƙo ya iso zanen ya ɗan yi kauri.

Baƙon mutum ne mai sauƙin kai, ɗan gajere, da alama ya gaji da yawo. Da aka zo gaban kwamfuta, Darakta ya gyara murya. Na zaci zai ce ga wani ma'aikacinmu yana bincike. Sai na ji yana cewa, wannan taswira ce ta yadda ruwa ke gudana a ƙarƙashin ƙasar jihar, ofishinmu ne ya ƙirƙiro ta, da ita za mu riƙa sanin inda za a haƙa rijiyar burtsatse. Jan layi hanyar ruwa, kore kuma inda yake tsattsafowa. Ya nuna inda layukan suka fi cunkushewa ya ce wajen Kiyawa ke nan. Mutumin da ya yi shekaru yana karatun ruwan ƙasa ne ke wannan magana, muryarsa ko rawa ba ta yi. Aka yi tafi.

Baƙo ya matso ya duba da kyau. Ya juyo gare ni, don ni ne a kujera. "Malam, kai ke sarrafa ta? Nan da ruwan ya taru, zurfin ƙafa nawa ne?"

Ba jarumta ce ta sa na buɗe baki ba, haushi ne, ya cika ni har wuya. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ba ruwa ba ne. Duk faɗin gilashin nan, daga wannan gefe zuwa wancan, bai kai kaurin gashin kai ɗaya ba. Cikin faifan sola ne muke leƙawa." Na yi masa bayani a taƙaice, kamar yadda nake yi wa 'yan aji.

Baƙo ya saurara, ya tambaye ni ko wata rana za a iya ƙera irin faifan a ƙasar nan, na ce in an bar masu koyo sun koya. Ya kalli Darakta, ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya wuce wajen famfuna. Aka sha lemo, aka yi addu'a, aka watse.

Abin da ya biyo baya ba sai na ja shi ba. Darakta bai yi mini faɗa ba, irinsu ba sa faɗa. Ya ce kawai, "Ka kyauta, Malam." Aka canja makullin sito. Kafin mako ya zagayo aka sanar da ni cewa aron da aka yi na ya ƙare, an mai da ni koyarwa, a wata makaranta can bayan Taura inda ko turken wuta babu. Abokan aikina suka yi ta zuwa suna ba ni haƙuri, kowa na cewa da na yi shiru. Wato shi da ya shirga ƙarya a gaban jama'a ba a ga laifinsa ba, ni da aka tambaya na amsa ni ne marar wayo.

Bayan na yi makonni ina neman wata kwamfutar ban samu ba, na kwashi ɗan guntun sakamakon gajerun ayyukan da nakan saita su ƙare tsakanin Litinin da Alhamis, na kai wa malamina. Ya daɗe yana dubawa, ya sa yatsa a ƙarshen zanen inda 'yan zurfin ya kamata su kasance, wurin fayau. Ya ce, "Ka san ba zan sa hannu a kan wannan ba." Na ce na sani. Ya ce ya je ya roƙa a ƙara mini lokaci, an ce an rufe. Da ya rako ni bakin ƙofa ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Zangon ya ƙare, aka cire sunana, shi ma ya tattara littattafansa ya koma garinsu.

Bayan 'yan watanni, ina cikin aji ina zana yadda haske ke lanƙwasa cikin ruwa, sai na ji ƙarar mota a filin makaranta. Motar Darakta ce, wadda ban taɓa shiga ba duk zamana a ofishin. Direba ya fito yana washe baki, muka gaisa sosai, don shi ba ni da komai da shi.

"Yallaɓai ne ya aiko a zo da kai," in ji shi. "Masu agajin da suka ba da kwamfutar nan ne za su zo ganin abin da ake yi da ita. An rasa abin da za a nuna musu. Ya ce ka taho da faifan nan mai zana saiwa, ka yi musu bayaninka na gaskiya, ai su irin shi suke so. Ya ce in ka zo zai bar maka ita mako guda, har biyu ma."

Na ce, "Ka gaya masa ɗalibi ne ya nemi mako guda. Yanzu babu ɗalibin."

Ya sosa ƙeya. Na tambaye shi, don kawai in sauya magana, ko har yanzu yana dakon bargo ranar Alhamis.

"Ina! Ai tun satin da ka tafi aka daina, Malam. Yallaɓai ya saya wa yaran tasu sabuwa. Waccan tana nan a sito a kulle, tun ranar baƙon nan ba wanda ya kunna ta."

Na tsaya na lissafa a raina. A ranar da aka kulle ta, da sauran kusan wata biyu kafin zangon ya ƙare. Duk makonnin da na yi ina zirga-zirga ina roƙon mutane, tana nan zaune a Dutse, batura cike, makulli a aljihun mutum ɗaya.

Direba ya ce, "To me zan ce masa?"

Na juya na koma aji, na ɗauki alli, na sake ajiye shi. Sai na ce wa yara su kwafi abin da ke rubuce, na zauna a kujera na juya musu baya har aka buga ƙararrawa.